Malamin da aka tura karatu waje ya ƙi dawowa, ya ci amana ko bai ci ba?

Baban Ilham: Salam yan uwa. Ni dai maganata ɗaya ce kuma bazan janye ba, duk malamin jami'ar da TETFund, hukumar asusun tallafa wa manyan makarantu, ta ɗau nauyinsa ya tafi Ingila ko Malesiya yai digirin digirgir sannan ya ƙi dawowa wlh ya ci amana. Kuɗin nan na al'umma ne. Shugaban hukumar Sonny Echono da bakinsa ya faɗa ma yan majalisa a 2023 cewa sama da mutum 137 sun gudu, gashi tun farkon 2025 an dakatar da tura malamai waje. Sun sha fura sun fasa ƙwaryar, na baya ko oho.

Maman Hanif: Alhaji ni na dawo, dan haka ina da bakin magana. Na gama nawa a fannin kemistiri na tattaro yarana na dawo da zumuɗi, wata shida ina tara samfur a firiza aka ɗauke wuta kwana huɗu ba dizal a janareto komai ya lalace, aikin wata shida fa, a ɗakin gwajin na zauna nai kuka. Sinadaran da nake aiki da su da albashina nake siya kuma da dala ake kawo su, dalar da take wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Ga yajin aikin ASUU na 2022, daga Fabrairu har Oktoba ba albashi. Wanda ya ga wannan ya tsaya can bazan iya kiransa maci amana ba gsky.

Baban Ilham: Allah ya saka miki Malama, raina ya ɓaci da jin wannan. Amma ai kin dawo ɗin, kuma ɗalibanki suna amfana. In kowa ya gudu wa zai gyara?

Maman Hanif: Suna amfana da abin da na rubuta a allo. Binciken da aka kashe miliyoyi na koyo shi kam yana nan kwance, hannuna har ya fara mantawa

Malam na Fiziks: Ku bari in kawo misalin da kullum yake raina. Abdus Salam masanin fiziks ɗan Pakistan, ya gama a Kambirij ya koma Lahore yana koyarwa, ba mujallun bincike ba abokin tattaunawa, a 1954 ya koma Ingila. A 1979 ya ci kyautar Nobel. Toh da an ɗaure shi a Lahore da wa zai san shi? Amma abin da ya fi burge ni shine bai manta zafin ba, a 1964 ya kafa cibiyar binciken fiziks ta ICTP a Trieste ta Italiya, aka tsara masani daga ƙasa mai tasowa ya zo yai yan watanni cikin manyan masana da littattafai sannan ya koma gida aikinsa, ya sake dawowa wata shekarar. Ya gane kaɗaici ke korar mai bincike ba kwaɗayi kawai ba.

Ɗan Maraɗi: Mu ma nan Nijar zancen kenan, yaranmu masu ƙwalwa na tahiya Faransa da Kanada ba su komowa. Amma ku tuna Abdou Moumouni ɗan Tasawa, ya yi karatu Faransa ya komo ya riƙe ONERSOL, ma'aikatar makamashin rana ta Nijar, yana bincike bisa hasken rana tun duniya ba ta damu da sola ba, yau jami'ar Yamai sunanshi gare ta. Ina bayan Alhaji, kishin ƙasa gaskiya ne.

Malam na Fiziks: Gaskiya ne ɗan uwa, sai dai shi an bashi ofishi da aikin yi. Haka Christian Happi masanin ƙwayoyin cuta, ya baro Harvard ya zo Ede a jihar Osun, cibiyarsa ACEGID ce ta fara karanta ƙwayar halittar korona a Afirka a Maris 2020, saboda Bankin Duniya da wasu sun zuba kuɗi akwai na'ura akwai wuta. Ko nan Samaru waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsa da aka fitar a 2019 su Farfesa Ishiyaku ne suka jagoranci aikinsa a gida. Inda aka tanadi kayan aiki mutane na zama.

Ummi Ƙarama: Dan Allah yayyena ni ina aji huɗu a likitanci, a 2023 wani ɗan majalisa Ganiyu Johnson ya kawo ƙudirin sai likita yai shekara biyar a gida kafin a bashi cikakken lasisi, ranar a ajinmu ba wanda yace zai zauna, kowa hanyar fita da wuri ya shiga nema. Tilas ba ta sa mutum son waje.

Baban Ilham: Ummi wannan daban, ban goyi bayan a tsare kowa ba. Ni wanda ya sa hannu a takardar alkawari cewa zai dawo nake nufi. Alkawari kaya ne. In ba zai iya ba ya biya kuɗin a tura wani.

Maman Hanif: A nan kam mun haɗu Alhaji, ya biya har sisin kwabo. Amma ita hukumar da ta tura ni ba ta ɗau alkawarin komai ba kenan? Na cika nawa, shekara nawa ina rubuta takarda a sa mana sola a ɗakin gwaji ko ta firiza ɗaya ce.

Baban Ilham: Nawa ne kuɗin solar firizar Malama? Ki turo min lissafin ta akwati, zan yi magana da yan ajinmu na da.

Maman Hanif: Zan tambayi mai haɗawa gobe in sha Allah. Na gode Alhaji