Na gano matsala a buɗaɗɗiyar manhaja: rahoto zan fara kai wa ko gyara?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum. Wata buɗaɗɗiyar manhajar bincike (irin wadda kowa zai iya duba kod ɗinta ya ba da gyara) nake amfani da ita a aikin kammala digirina. In ka nemi "ƙasa" sai ta haɗo maka da "kasa", don tana cire ƙugiyar ƙ, ɗ da ɓ. Na gyara a kwamfutata, 'yan layuka ne. Rahoton matsala zan fara buɗewa a GitHub, shafin da ake ajiye kod ɗin manhajar, ko in tura gyaran kai tsaye?

Hajiyar Kod: Ƙanena, nemi Outreachy, shirin horo a kan buɗaɗɗun manhajoji, dala 7,000 suke ba ɗan horo na wata uku.

Ɗan Fagge: Na gode Anti, amma ba horo nake nema ba.

Tsohon Hannu: Kar ka wahalar da kanka. Ni na taɓa tura gyara ga wani aiki, na rubuta gwaji, na bi duk abin da fayil ɗin CONTRIBUTING, mai ƙa'idojin tura gyara, ya ce. Shiru kamar an aiki bawa garinsu. Daga baya wani bot, wato manhaja mai aiki da kanta, ya manna wa gyaran alamar tsufa ya rufe. Ana nan sai ga wani ya turo kusan irin gyaran nawa, aka karɓa har da yi masa godiya. Sunana ko a ƙasan shafi babu. Dare nawa na raba ina kunna janareto saboda abin nan!

Malamin Lissafi: Allah Ya ba da haƙuri, amma ka buɗe rahoto tukuna? Masu kula da irin waɗannan ayyuka yawanci 'yan sa-kai ne. Ɗan Fagge, rubuta sigar manhajar, matakan da suka kai ka ga matsalar, da misali ɗaya, sannan ka ce kana da gyara a hannu.

Tsohon Hannu: Malam, gyaranka nawa aka taɓa karɓa? Koyarwa daban, shiga fage daban.

Na Maraɗi: Ku saka ƴ a gwajin. Mu a Nijar da ita muke rubutu, ku kuma 'y.

Sarkin Zolaya: Ka jira Oktoba, watan Hacktoberfest, bikin da aka riƙa ba masu tura gyara kyautar riga. A 2020 mutane waƙafi kawai suke ƙarawa su tura, har sai da aka sauya dokar.

Tsohon Hannu: Riga? Datar da na ƙone a kan aikin nan ta kai ta dubu 30.

Hajiyar Kod: Haba dai. Sauke kod bai cin ko ta dubu biyar, sai dai in YouTube kake kallo.

Na Maraɗi: Ku da kuke da wuta ma kenan.

Sarkin Zolaya: Wace wutar? Tun jiya unguwarmu ba a kawo ba, a shagon mai caji nake rubutun nan. Nawa ake sayar da ƙaramin sola yanzu a Sabon Gari?