In an sake gina tsohon gini, har yanzu kayan tarihi ne?

Injiniya:
Salam jama'a. Maganar da aka taɓo jiya aka bari a rataye nake so mu ƙarasa. Ni matsayina bai canza ba, duk ginin da ya rushe ko aka rushe aka sake ɗaga shi da sabon kaya to ya tashi daga kayan tarihi, kwafi ne kawai. Darajar tsohon gini tana cikin ainihin dutsen da ƙasar da hannun mutanen wancan zamanin ya taɓa, daga nan ake gane shekarunsa, a gane da me suka yi aiki, daga ina suka ɗauko kayan. Ka cire wannan ka sa sabo ka share shaida kenan. Shi ya sa a 1964 masana suka zauna a birnin Benis na Italiya suka yi ƙa'ida cewa gyara ya tsaya daidai inda hasashe ya fara, kuma duk abin da aka ƙara sabo a bar shi a fili a gane sabo ne.

Maman Fatima:
Wa alaikumus salam Injiniya. To ni tambaya ɗaya gare ni, Babban Masallacin Jenne na Mali fa? Ginin da ke tsaye yanzu na 1907 ne, an ɗora shi a gurbin wanda ya fi shi daɗewa, kuma kowace shekara mutanen garin ke fitowa kwansu da kwarkwatarsu su yi masa sabon yaɓe, mata na jido ruwa samari na kawo laka a kwanduna magina na sama. Fuskar da ka gani bana ba ita ce ta bara ba. Amma UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa garin cikin jerin kayan gadon duniya tun 1988. A hisabinka kenan kowace shekara ana ɓata shi ne?

Injiniya:
Hajiya yaɓe daban rusawa daban. Tubalin ciki yana nan, riga kawai ake canza masa.

Magini:
Ranka ya daɗe Injiniya bari mu da muke taɓa laka mu sa baki. Ginin ƙasa ba ya zama haka nan, damina biyu uku ka ƙyale shi ba yaɓe ya fara zubewa, to a irin wannan gini ba a raba riga da jiki kamar yadda ka raba. Waɗancan itatuwan da kake gani sun fito a jikin bangon masallacin, azarar giginya ce, ba ado kaɗai ba ne, su ne matakalar da ake hawa a yi yaɓen. Wato wanda ya gina tun ranar farko ya san za a riƙa dawowa, ya bar wa jikokinsa wurin sa ƙafa. Ni a wurina abin da aka gada a Jenne shi ne hannun da ya iya aikin, ranar da aka rasa yaron da ya san yadda ake jiƙa laka a bar ta ta ruɓa kafin a shafa to ranar masallacin ya fara mutuwa ko da bango bai tsage ba.

Injiniya:
Na ji, amma ka faɗi ɗaya ka bar ɗaya. Lokacin da gidauniyar Aga Khan ta zo gyaran masallacin abin da aka tarar shi ne yaɓen shekara da shekaru ya taru ya yi wa rufin da bangon nauyi, sai da aka kankare da yawa. Kuma a Nuwamban 2009 saman ɗaya daga cikin hasumiyoyin ya rufto bayan ruwa mai ƙarfi. Son abu ba ya hana a cutar da shi, dole a samu mai awo da lissafi.

Magini:
Wannan gaskiya ne ban musa ba. Amma da ya rufto su wa suka mayar? da ƙasa aka mayar kuma da hannun magina.

Ɗalibar Tarihi:
Yaya Injiniya dan Allah ka yi haƙuri, ƙa'idar Benis da ka kawo ai su kansu masanan sun dawo sun faɗaɗa ta. A 1994 aka yi taro a Nara ta Japan saboda wannan rigimar tamu ta yau, domin ƙa'idar farko mutanen da suka saba da ginin dutse ne suka rubuta ta, dutse kuma yana shekara dubu bai motsa ba. Wanda gininsa katako ne ko ƙasa fa? A Japan akwai wurin bautar 'yan Shinto a Ise da ake sake gina shi sabo fil duk shekara 20 a filin da ke gefensa, sun fi shekara 1,300 suna haka duk da an taɓa samun dogon tsaiko lokacin yaƙe-yaƙe, na 2013 shi ne karo na 62. Babu katakon da ya tsufa a wurin amma kafintocin yau sun iya abin da na farko suka iya saboda kowace tsara sai ta yi da hannunta. Taron Nara ya ce sahihancin abu ba a kayan gini kaɗai yake ba, yana cikin siffa da amfani da fasahar aiki da yadda masu abin suke ɗaukarsa.

Sannan tsohon birnin Warso na Folan, sojojin Jamus sun rusa sama da kashi 85 cikin 100 nasa a 1944, mutanen suka sake gina shi har da taimakon zane-zanen da wani mai zane ɗan Italiya ya yi wa birnin tun ƙarni na 18, a 1980 aka sa shi a jerin UNESCO. Ka je ka ce wa wanda aka rusa masa gari da gangan don a shafe shi cewa abin da ya mayar kwafi ne?

Injiniya:
Ƙanwata Warso ta taɓa zuciya, na yarda. To amma wannan ƙofar da kuke buɗewa ita Saddam ya bi a shekarun 1980, ya ɗora sabon bulo a kan kufan Babila har da sunansa a jikin bulon. Shi ma cewa ya yi yana raya tarihi. A kufan fadar Kunosos ta tsibirin Kirit a Girka an zuba kankare an ɗaga ɗakuna bisa yadda masanin da ya tono wurin ya zata suke, yau baƙo yana kallo bai san ina ne na da ina ne na hasashe ba. Abin da nake tsoro kenan wlh, da zarar an ce sabo ma tarihi ne kowane mai mulki da ɗan kwangila sun samu lasisin rusawa.

Malam:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa, kuma ina ganin kowannenku ya riƙe wani yanki. Ku duba Ɗakin Ka'aba. Ƙuraishawa sun sake gina shi Annabi SAW yana da shekara 35, shi ya raba gardamar ɗora Hajarul Aswad. Abdullahi ɗan Zubairu ya sake gina shi, Hajjaju ya zo ya mayar da shi yadda Ƙuraishawa suka bari, bayan ambaliyar 1630 aka sake gina shi zamanin Sarkin Usmaniyya Murad na Huɗu. Ba Musulmin da ya taɓa cewa ya daina zama Ka'aba. Wannan hujja ce ga su Hajiya. Amma kuma malamai sun ruwaito cewa da wani halifan Abbasawa ya so ya rushe ya mayar da shi kan ginin ɗan Zubairu, Imamu Malik ya roƙe shi ya bari, don kada Ɗakin ya zama abin wasan sarakuna kowa ya hau ya rushe ya gina nasa har kwarjininsa ya fita daga zukatan mutane. Wannan kuma maganarka ce Injiniya.

Injiniya:
Allah ya gafarta Malam, alfarmar Ka'aba daga Allah take, ba zan gwada ta da kowane gini ba. Amma maganar Imamu Malik ita nake ta son faɗa ban samu bakin ba.

Maman Fatima:
To ai sai a bambance. Akwai ginin da mutanensa suna raye suna shiga suna fita, akwai kufai da ba mai shi sai masu bincike. Babila kufai ce, a bar ta yadda ƙasa ta ajiye ta. Jenne kuwa gari ne da mutane a ciki.

Ɗalibar Tarihi:
Kuma nan ne ni abin yake min ciwo Anti, don mutanen cikin ba kullum ake tambayarsu ba. A Jenne ɗin nan mazauna sun sha kokawa cewa dokar kariya ta ɗaure su, mutum yana son ya faɗaɗa ɗaki ko ya gyara gidansa ya dace da rayuwar yanzu a ce masa a'a zai ɓata siffar gari, alhali shi zai biya kuɗin yaɓe duk shekara kuma tun da rikicin Mali ya tsananta a 2012 'yan yawon buɗe ido sun ɗauke ƙafa. A 2006 ma tarzoma aka yi a garin da aka hango masu duba rufin masallacin a sama, mutane ba su san me ake yi musu a nasu masallacin ba. A 2016 UNESCO ta sa garin cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari.

Magini:
Shi ya sa aikin Tumbuktu ya fi kwanta min, ba maganar hukuncin gini a kan kabari nake ba wannan na malamai ne. Bayan da 'yan bindiga suka rusa hubbarorin waliyyan garin a 2012 maginan garin aka ba aikin sake gina su, iyalan da suka gaji kula da wuraren, suka haɗa da tsofaffin hotuna da awon harsashin da ya rage, zuwa 2015 sun mayar da 14, kuma dattawan sun ja matasa a jiki suna koya musu a bakin aiki.

Injiniya:
In da hotuna da awo da harsashin asali, kuma an rubuta a fili cewa wannan an mayar da shi ne a shekara kaza, zan iya zama da shi. Amma har yanzu ba zan kira shi tsohon gini ba Malam Magini, zan ce sabon gini ne na tsohuwar sana'a.

Magini:
Kira shi yadda ka ga dama ranka ya daɗe, ni dai a bar yara su hau azara su koya. Tambayar ƙanwarmu ce ba ka amsa ba, mai gidan da ke son ƙarin ɗaki a Jenne me za ka ce masa?

Injiniya:
Ya yi ɗakinsa daga ciki, fuskar gidan ta waje a bar ta, kuma wanda ya ce a bar ta shi ya biya kuɗin yaɓen.