Makarantar firamare ta Gando: me ya sa rufinta yake rataye sama da ginin?

Mai Tambaya

Assalamu alaikum. Ina neman bayani daga masana gini a kan makarantar firamare ta ƙauyen Gando da ke Burkina Faso. A hoto ana ganin bangon jar ƙasa, sannan kwanon rufi can sama a kan wasu siraran ƙarafa, har mutum yana hango sararin sama tsakanin bango da kwano. Wa ya gina ta, kuma yaushe? Mene ne amfanin wannan ratar? Idan al'umma za su gina ajujuwa uku a kan wannan tsari, me ya kamata su kiyaye don kada damina biyu ta cinye bangon?

Mai Zanen Gini

Wa alaikumus salam. Wanda ya zana ta ɗan garin ne, Francis Kere, an haife shi a Gando a 1965. Yana ɗan shekara bakwai aka tura shi garin Tenkodogo karatu, inda ya yi firamare a ajin bulon siminti mai zafi da ƙarancin haske. Ya koyi kafinta, ya samu tallafin karatu zuwa Jamus, ya shiga fannin zanen gine-gine a Berlin. A 1998 ya kafa ƙungiyar tara kuɗi, aka kammala ginin a 2001, alhali shi kansa bai gama jami'a ba sai 2004. A wannan shekarar ce makarantar ta ci kyautar Aga Khan ta zanen gine-gine, a 2022 kuma ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, babbar kyautar zanen gine-gine ta duniya.

Fasalinta ba wuya. Ajujuwa uku ne a jere, kowanne a ware, tsakaninsu akwai fili mai inuwa inda yara ke zama. Bangon tubalin ƙasa ne da aka sirka da ɗan siminti aka matse a inji. Silin ɗin ma na tubalin ne, an jera shi a kan rodi da bim na kankare, wato dogarin da ke kwance a kan bango. Kwano yana can sama a kan rodin da aka yi wa walda ya zama tirus, wato ƙarangiyar ƙarfe mara nauyi mai ɗaukar rufi.

Ratar da ka gani ita ce ruhin ginin. Kwano da tsakar rana yana ɗaukar zafin da hannu ba ya iya taɓawa, kuma a ajin da aka saba gani wannan zafin yana sauka kai tsaye a kan yara. A Gando kwanon laima ce kawai: shi ke tare rana da ruwa, iska tana ratsawa ƙarƙashinsa tana kwashe zafin kafin ya kai silin. Iskar da ta ɗumama a cikin aji takan tashi ta fita ta kafofin silin, sabuwa ta shigo ta tagogi. Shi kuma tubalin yana jan zafi a hankali, sai dare ya sake shi lokacin da babu kowa a ajin. Mutane da yawa suna ɗauka jar ƙasar ce kaɗai ke kawo sanyi. Ka gina bangon ƙasa ka manna masa kwano a kai babu silin, ajin zai gasa yara kamar kowane aji.

Zaɓen rodi ma da dalili. Babu hanyar kai manyan ƙarafa ko injin ɗaga kaya ƙauyen, amma rodi da zarton ƙarfe da ƙaramin injin walda suna samuwa, kuma matasan garin suka koyi aikin a wurin. Jama'a suka tara duwatsun harsashi suka jido ruwa, mata suka yi daɓe. Daga baya aka ƙara gidajen malamai, sai ƙarin ajujuwa a 2008 masu silin mai lanƙwasa kamar baka.

Birkila

Malam ya yi bayani mai kyau, amma a wajen tubali ne aka fi faɗuwa, bari in tsaya a nan.

Kada a taɓa ƙasar sama da ake noma. A kankare aƙalla santimita 30, domin saiwa da ruɓaɓɓen ganye suna hana siminti kamawa. A gwada ta ƙasan da kwalba: ƙasa rabi, ruwa ya cike, a girgiza sosai a ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya, lallausar ƙura bayan kamar awa ɗaya, yumɓu sai ya kwana. Ana son yashi ya wuce rabi, yumɓu tsakanin kashi 10 da 20 cikin ɗari. In yumɓu ya yi yawa, tubalin zai tsattsage yana bushewa, sai a ƙara yashi. Baƙar lakar fadama a bar ta gaba ɗaya, tana kumbura da ruwa tana tsukewa da rani.

A tankaɗe da rariyar waya mai ido milimita 5 zuwa 10. Siminti kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari na nauyin busasshiyar ƙasa. A aikace, buhu ɗaya mai kilo 50 yana ɗaukar baro 10 mai cin lita 60 in ana son kashi 6, ya ba da tubali wajen 110 na girman da aka saba, wato 29.5 da 14 da 9 a santimita. A gauraya a bushe tukuna har launi ya zama ɗaya, sannan a yayyafa ruwa. Ba kwaɓi ake yi ba, danshi ne kawai. A dunƙula a hannu a saki daga tsayin mita ɗaya: in ya watse ya zama gari, ruwa bai isa ba, in ya faɗi a dunƙule ya baje, ya yi yawa, in ya fashe gida huɗu zuwa bakwai, ya yi. Abin da aka jiƙa a matse shi cikin awa ɗaya, kada a bari a tafi cin abinci a dawo. Injin hannu ya wadatar, irin CINVA-Ram da aka ƙirƙira a Kolombiya tun shekarun 1950.

Babban kuskuren shi ne shanya tubalin a rana kamar na gargajiya. Siminti da ruwa yake ƙarfi. A jera a inuwa, a lulluɓe da leda, a riƙa yayyafi kwana 7, sannan a bar shi ya cika kwana 28 kafin ya hau bango. Wanda aka shanya da wuri za ka ga gefensa yana marmashewa da ka goga masa farce. Lissafi kuma: murabba'in mita ɗaya yana cin tubali wajen 31 in an jera layi ɗaya, kaurin bango santimita 14, ninki biyu in ana son kauri 29.5. Bangon aji mai ɗaukar silin na tubali, ni dai mai kaurin nake ba da shawara.

Injiniya

Na yarda da komai, sai dai ina jan kunne a kan kwaikwayon rufin daga hoto. Kwanon da ke buɗe ta ko'ina iska tana shiga ƙarƙashinsa, guguwar farkon damina kuma sama take ɗaga shi, ba ƙasa take danna shi ba. Ƙafafun tirus dole su shiga cikin bim na kankare da ya zagaye kan bangon, a lanƙwasa su a ɗaure da rodin ciki kafin a zuba. Ɗora su a kai a yi ɗigon walda bai isa ba. A kama kwanon da ƙugiya mai noti da wosha, a ƙara yawansu a baki da kusurwa, don daga nan yaye rufi yake farawa. Kowace mahaɗar walda a kankare ta a shafa jan fenti na hana tsatsa.

Ta ƙasa kuma, tubalin farko ya fara aƙalla santimita 30 zuwa 40 sama da ƙasa, a kan dutse ko kankare, da shimfiɗar da ke hana danshi hawa. Ruwan da ke zubowa daga kwano ya fantsama shi ke cin gindin bango, don haka bakin rufi ya fito mita ɗaya ko fiye, musamman ta ɓangaren da ruwa ke bugowa, a kuma karkata ƙasar waje ta kori ruwa. Kada a yaɓe bangon da filastar siminti mai kauri. Ba sa motsi tare, tana ɓamɓarewa, ruwa ya maƙale a bayanta.

Malamar Aji

Injiniya, a ƙara da abin da mai koyarwa ke gani. Tsawon ginin ya miƙe gabas zuwa yamma, tagogi su kalli kudu da arewa suna fuskantar juna. In taga ta kalli yamma, hasken la'asar yana dukan allo, na layin gefe ba sa ganin rubutu. Aji mai mita 7 da 9 yana ba yara 50 kimanin murabba'in mita 1.26 kowanne, in aka zuba 90 babu rufin da zai hana zufa. Silin na tubali yana da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba: yana rage ƙarar ruwa a kan kwano, darasi ba ya tsayawa. Amma kafofinsa a sa musu raga, in ba haka ba jemagu da tsuntsaye za su tare, kashinsu ya riƙa zubowa kan littattafai.

Mai Tambaya

Allah ya saka da alheri. Malam Birkila, ajujuwa uku za su ci tubali nawa?

Birkila

Aji 7 da 9, tsayi mita 3, bango ya kai murabba'in mita 96. Cire ƙofa da tagogi, a ce saura 80. A kauri 29.5 tubali wajen 5,000 ke nan kowane aji, 15,000 ga ukun, ban da na silin. A ƙara kashi 5 cikin ɗari saboda masu karyewa wajen jigila.