Hawan duwatsun bakin teku ba tare da ƙusa ba: me ya kamata mu sani?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Mu uku ne muke hawan duwatsun nan na Damagaram, kuma muna da burin zuwa tsibiran Pabbay da Mingulay na Sikotland, inda ba a kafa ƙusa a dutse, na gaba ne ke cusa ƙarfe a tsaga, na baya ya cire. Wane kaya za mu tanada, kuma ina bambancinsa da namu na nan?

Baban Zango:
Wa alaikumus salam ƙanena. Babban bambancin shi ne a can da sauka ake farawa. A nan in dutse ya gagare ka, sai ka sauko ka kama hanyar gida. A can daga ƙoli za ka zuro da igiya zuwa wani ɗan dandamali a bakin ruwa, kuma ba ka da mafita sai sama. Saboda haka ku tafi da igiya marar talewa mai mita 100, ku ɗaure ta a wuri uku, ku bar ta a rataye har kowa ya fito. A ƙulla bakinta na ƙasa, kada mutum ya zarce. Duk inda ta goga da kaifin dutse a sa mata riga, ko da guntun tabarma ne, domin igiyar da ke ɗauke da nauyi saurin yankewa gare ta.

Kafin ku yi maganar biza, kowannenku ya iya hawa igiya da ƙullin Prusik (ƙullin siririyar igiya a jikin babbar, wanda ke kamewa in an ɗora masa nauyi, ya zame in an sassauta) guda 2, ɗaya a ɗamara, ɗaya a ƙafa. Wannan a duwatsunmu ma za ku koye shi, cikin hunturu da sassafe kafin dutse ya ɗauki zafi. Wanda bai iya ba, don Allah kada ya sauka.

Sai teku. Tana cikowa ta janye sau 2 a yini, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kamar minti 50. Sabon wata da daren sha huɗu ta fi cikowa. Amma abin da ya fi cutarwa shi ne raƙuman ruwa masu tahowa daga nesa: sama garau, ba iska, su share dandamalin da kake tsaye. Da ka sauka, ɗaure kanka da dutse tukuna.

Ƴar Sabon Gari:
Baba ya gama magana, bari in ƙara ta kaya. Igiyoyin hawa 2 masu mita 60, kaurin milimita 8 zuwa 9, jerin ƙarafan cusawa 2, masu buɗewa irin Friend (ƙarfen da ake matsewa a cusa a tsaga, in an sake shi ya buɗe ya kama dutse) daga ƙanana zuwa manya, da hular kwano. Mai buɗewa a tsakiyar buɗinsa ake sa shi; in ka matse shi duka zai maƙale, in ya yi sako-sako motsin igiya zai tafi da shi. Gishiri yana cin ƙarfe, don haka ku wanke komai da ruwan daɗi, ya bushe a inuwa. Tsohuwar ƙusa mai tsatsa da ka tarar a tsaga, kada ka ba ta amanar ranka.

Ɗan Birni:
Mun gode Yaya. Abinci da zirga-zirga fa?

Ƴar Sabon Gari:
Daga tsibirin Barra ake ɗaukar jirgin ruwa. Tun 1912 ba mai zama a Mingulay, ba kanti, ba likita. Ku ƙara abincin kwana 3 a kan lissafinku, domin in teku ta ɓaci jirgi ba zai iya tsayawa ya kwashe ku ba. Kada ku dogara da salula, ku riƙe rediyon VHF (na'urar oba-oba da ake magana da jiragen ruwa da ita), tasha ta 16 ce ta neman agaji. Ku kuma tambayi inda tsuntsaye ke sheƙa ku kauce musu. Akwai wanda ke feso amai mai wari in an matso kusa da shi.