Encryption: kullewa, ɓoyewa ko zaurance? Zare kan filash ɗin da ya "ƙanƙance"

1/ Tambayar da ta jawo wannan zaren ita ce: filash mai 32GB an sa masa encryption (wato dagula bayanai yadda sai mai kalmar sirri zai iya karanta su) a kwamfuta mai Linux, da aka soka shi a Windows sai ya nuna 2GB kawai, ina sauran ya tafi, kuma yaya za a dawo da shi? Amsar ba ta da wuya. Wahalar tana wajen bayani, domin kalmomin da muke amfani da su a shagunan gyara, daga Farm Centre ta Kano har ƙananan rumfunan caji, su ne ke sa mutum ya nufi gyaran da ba shi ne ba.

2/ Mu fara da "kullewa", wadda aka fi ji. Matsalarta ita ce filash yana da wani kullen na daban: wanda za ka ga fayil ɗinka, ka buɗe shi, amma ba ka iya gogewa ko ƙara wani abu. Wannan hana rubutu ne, kuma sau da yawa alama ce ta cewa filash ɗin ya kusa mutuwa. Idan ka ce wa mai gyara "filash ɗina a kulle yake", nan hankalinsa zai tafi.

3/ "Ɓoyewa" ma tana da mai ita. Duk wanda ya taɓa kai filash shagon buga takardu ya san ƙwayar cutar nan da ke ɓoye fayiloli ta bar maka gajerun hanyoyi na bogi. Fayilolin suna nan lafiya lau, an dai sa musu alamar kada a nuna su. Encryption kuwa ba ta ɓoye komai. Bayanan suna fili, kowa na iya kwafe su, sai dai an dagula su da lissafi yadda ba mai fahimta sai mai riƙe da mabuɗi.

4/ Shi ya sa nake ba da shawarar zaurance. Mun san shi tun muna yara: a yi magana a gaban mutum, yana ji da kunnensa, amma ba ya tsintar komai, irin wanda ake cusa "b" a cikin gaɓoɓi har gida ya koma gibida. Kuma kalmar tana juyuwa yadda Hausa ke so: na zaurantar da filash, zaurantaccen filash, a warware zaurancen.

5/ Wani malami ya yi mini gyara cewa zaurance wasa ne, mai wayo yana gano shi cikin minti biyar, alhali tsarin lissafin AES mai mabuɗi na bit 256, wanda manhajojin encryption irin su VeraCrypt da BitLocker ke iya amfani da shi, ba wanda ya san hanyar karya shi da ƙarfin kwamfuta. Gaskiya ne, Malam, Allah ya ƙara basira. Amma muna neman kalmar da za ta nuna irin aikin ne, ƙarfinsa kuma sifa ce da za a iya ƙarawa: zaurance mai ƙarfi, zaurance mai rauni. Ya kawo "ɓad-da-bami" a madadinta. Tana da daɗi, sai dai ka gwada cewa "na ɓad-da-bamin filash ɗina" ka ji yadda harshe ke tuntuɓe.

6/ To, ina sauran gurbin ya tafi? Bai tafi ko'ina ba. An raba filash ɗin sashe biyu (sashe nake ce wa partition, ban ga dalilin neman wata ba). Ƙaramin sashen yana kan FAT32, wani tsarin ajiye fayiloli wanda Windows ta sani. Babban kuma an zaurantar da shi da LUKS, tsarin Linux, wanda Windows ba ta karantawa, don haka ko ta yi shiru a kansa ko ta ce a yi masa fomat. Tsofaffin Windows ma, kafin sabuntawar Windows 10 ta 2017, sashen farko kaɗai suke nunawa a filash ko da sauran ba su da zaurance.

7/ Nan ne mutane ke faɗawa rami. Sai su danna dama, su zaɓi fomat, su ga har yanzu 2GB ne, su ce filash ya lalace. Fomat sashe ɗaya kawai yake wankewa. Abin da ake buƙata shi ne a rushe taswirar sassan gaba ɗaya a zana sabuwa.

8/ Kafin komai: idan kana da kalmar sirrin kuma kana son bayanan, buɗe su a kwamfutar da ta zaurantar da su ka kwashe. Bayan rushewa kada ka sa ran ganin su.

Sai ka buɗe diskpart, manhajar Windows da ake rubuta wa umarni don sarrafa faifai, da izinin mai kula da kwamfuta. Rubuta list disk, ka duba lambar filash ɗinka ta hanyar girmansa. A nan za ka ga ainihin girman, kusan 29GB. Sai select disk tare da lambar. Ka duba lambar nan sau biyu, don diskpart ba ya tambayar "ka tabbata?", kuma idan ka zaɓi wani faifan daban bisa kuskure, shi zai share. Sai clean, sai create partition primary, sai format fs=exfat quick, sai assign. Na zaɓi tsarin exFAT ne saboda FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗin da ya kai 4GB, sai dai idan tsohuwar rediyon mota ko talabijin za ka soka wa, waɗanda da yawansu FAT32 kaɗai suka sani. A Linux, GParted yana yin wannan aikin ta hanyar ƙirƙirar sabuwar taswirar sassa.

9/ Ba kowane zaurance ke buƙatar haka ba. Idan da VeraCrypt aka yi babban fayil guda a cikin filash, goge fayil ɗin kawai ya isa. BitLocker To Go kuwa, wanda ya zo da Windows 7 a 2009, ba ya rage girma. Kashe shi ko yin fomat ya wadatar.

10/ Kada kuma a ɗora wa zaurance laifin da ba nasa ba. Kamfani yana ƙirga gigabait da dubu-dubu, Windows tana ƙirgawa da 1024, shi ya sa 32GB ba ya wuce 29.8, 64GB kuma 59.6. Akwai kuma filash na jabu da aka yi wa ƙaryar girma. Manhajar H2testw tana tona asirinsa, amma babu umarnin da zai ƙara masa abin da babu.

11/ Wata 'yar'uwa daga Maraɗi ta tuna mini cewa su "kile" suke ce wa filash, daga Faransanci, kuma ma'anarsa makulli. Kin gani ko, Hajiya, wannan ma wani dalili ne na barin "kullewa": a wajenku sai a ce an kulle makulli da makulli. Don haka ga inda na tsaya: encryption zaurance, decryption warware zaurance, key mabuɗi, partition sashe. Wadda ta rage mini ita ce clean na diskpart, don "sharewa" tana karo da fomat. Ni "rushe taswira" nake cewa a yanzu. Wanda ke da wadda ta fi ta gajarta, ya kawo.