Neman shawara: mai hayar babur ya ce sai na bar masa fasfona

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau kwanana huɗu a Chiang Mai, arewacin Tailan, daga ni sai jakar goyona. Raina ya biya in bar gari in shiga ƙauyuka da gonakin shinkafa, in dangana da garin Pai. Na samu shagon da ke ba da hayar ƙaramin babur marar giya, Honda Click 125, amma mai shagon ya ce sai na ajiye fasfona har in dawo. Hankalina bai kwanta ba. Lasisin mota kaɗai gare ni, babur kuwa na ɗan taɓa hawa, ban ƙware ba. Wanda ya san kan abin ya taimaka don Allah.

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam ƙanina. Kada ka ba da fasfo ko da wasa. Ran da aka yi gardama kan wani ƙarce a jikin babur, sai abin da ya yanka maka, tunda ba ka da hanyar fita ƙasar. Ka ba shi kwafi da kuɗin ajiya a baht, kuɗin ƙasarsu, ya rubuta maka rasit. In ya ƙi, shaguna sun yi yawa a garin. Kafin ka tayar, ɗauki bidiyon babur ɗin a gabansa: taya, madubi, fitila, kowane tabo.

Amsa ta biyu: Ni ba fasfon ne ya fi tsaya min a rai ba, lasisin ne. Lasisin mota ba ya ba ka izinin hawan babur a Tailan. Ana bukatar lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa mai tambarin babur, rukunin A. Mai shago ba zai tambaye ka ba, shi cinikinsa yake. 'Yan sanda kuwa suna tare hanya a Chiang Mai su ci tara, kuma tarar ita ce mai sauƙin. Idan tsautsayi ya gitta, yawancin kamfanonin inshorar tafiya ba sa biyan kuɗin asibitin wanda ya hau babur ba lasisi ko ba hular kwano. Buɗe takardar inshorarka yanzu ka karanta wajen da aka yi maganar babur.

Amsa ta uku: Ɗan uwa, bari in ba ka labarin abin da ya same ni a kan hanyar nan ta Pai, lamba 1095. Kusan kilomita 130 ce, lanƙwasa 762, hawa da gangara. Babur marar giya ba ya riƙe kansa a gangara, birki kaɗai ka dogara da shi. Na yi ta matse shi har ya ɗauki zafi, na ji hannun birkin ya yi laushi yana shigewa. A wata kwana da ruwa ya kwaso tsakuwa ya zuba a kwalta, tayar gaba ta zame. Allah ya taƙaita, a hankali nake tafiya, amma salansa ta kwanta min a ƙauri, har yau tabon yana nan kamar tafin hannun yaro. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne da na miƙe a ruɗe, sai na tura babur ɗin zuwa hannun dama, alhali su a hagu suke tuƙi. Wata mota ta wuce ta gefena ina jin iskarta. Ni da na shekara ina hawan babur ke nan. Kai da ka ce ba ka ƙware ba, wallahi ban so maka hanyar nan ba.

Amsa ta huɗu: Kada dai a tsorata shi gaba ɗaya. Akwai ƙananan motocin haya daga tashar Arcade ta Chiang Mai zuwa Pai, tafiyar kamar awa uku. Can kwari ne, ga keke na haya, gonakin ma a bakin gari suke. Wuri mai nisa kuma ka ɗauki direba na yini. Ka ajiye lambobin nan: 1669 motar asibiti, 1155 'yan sandan masu yawon buɗe ido.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya, na duba inshorar kamar yadda ka ce, a rubuce yake ɓaro-ɓaro cewa sai da lasisin babur. Na fasa hayar, na yanki tikitin motar safe. Anti da kika faɗi da babur, Allah ya ƙara kiyayewa. Saura abu ɗaya: an ce kwanonin hanyar na sa amai a mota, wace kujera ta fi sauƙi?

Amsa ta huɗu: Nemi ta gaba kusa da direba, ka riƙa kallon hanya, ka ajiye waya a aljihu har ku isa.