Mastas a Rubutu: Yadda Ta Kaya a Zauren Marubuta

Ɗan Fagge: Salam 'yan uwa. Na gama bautar ƙasa, takardu na akwati suna shan ƙura. Baba ya ce in zo Kwari in riƙe masa shago, ni kuma raina na kan mastas a adabi, BUK ko ABU, don in zama marubucin gaske. Ga kuɗin makaranta, ga ASUU da ta zaunar da mu wata takwas a 2022. Kwalliya za ta biya kuɗin sabulu kuwa? Don Allah kar a karanta a wuce kamar yadda aka saba yi min.

Anti Mai Littafi: "Marubucin gaske"? To mu na bogi ne kenan? Yaro, tun kana zanin goyo ake layin hayar littafaina.

Ɗan Fagge: Wallahi Anti ba haka nake nufi ba.

Malam Bazazzagi: Hajiya, a bar yaron nan, bai yi ƙarya ba. Akwai mai rubutu, akwai marubuci. Wanda zai rubuta "kafa" yana nufin "ƙafa", ya manne "ya ce" wuri guda tun daga shafin farko har na ƙarshe, me za a kira shi?

'Yar Sakkwato: Malam, wane mastas Abubakar Imam ya yi kafin ya shiga gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933 da littafinsa Ruwan Bagaja?

Malam Bazazzagi: Ai ya yi Kwalejin Katsina, ya kuma zauna da Rupert East, Baturen da ya shirya gasar, a Zariya suna aiki tare. Wannan ba karatu ba ne?

'Yar Sakkwato: Zama da gwani ne, ba digiri ba. Kuma kai kowace hira sai ka ja ta Zariya.

Na Turai: Ƙanena, saurara. Mastas ɗin da za ka samu a sashen harsuna nazari ne: jigo, salo, zubi da tsari, sai kundi. Yana da amfani in koyarwa a jami'a kake so. Wanda ake zama a rubuta labari, 'yan aji su yi masa filla-filla, irin na jami'ar Iowa ne a Amurka, wasu ma sai a ba ka alawus kana koyar da 'yan ajin farko.

Anti Mai Littafi: Da Hausa za su karanta masa a can ɗin? Kowa ya ƙetare ruwa sai ya dawo yana mana lacca.

Na Turai: Tambaya ya yi, na amsa.

Anti Mai Littafi: Malam, tunda kai ne na gaske, ina gyaran littafina da na biya ka tun kafin azumi?

Malam Bazazzagi: Hajiya, nan ba wurinsa ba ne. Kuma rabin kuɗi kika turo.

'Yar Sakkwato: Rabin gyara ma ai ba a gani ba 😂

Admin: Ya isa haka. Na bi komai tun farko, kuma a fahimtata mafi yawanku sun yarda ba a zama marubuci sai da ilimi mai zurfi, har Imam ɗin ma makaranta ce ta yi shi. Masu ja, ɓacin rai ne kawai ya sa su. Ni da nake kan kundin digirina na uku na san abin da nake faɗa. Ɗan Fagge, ka sayi fom, amma BUK. Na rufe zaure sai bayan isha'i.